Injin da Ke Kwantar da Rabin Silindarsa: Nawa Yake Rage Shan Mai?

Wanda ya tuƙa Chevrolet Tahoe ko Silverado ƙirar 2007 zuwa sama zai iya lura da wani abu a dashbod. Yana tafe a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙafarsa a sake, sai rubutun V8 ya koma V4. Da ya ƙara taka totur don ya wuce wata babbar mota, sai V8 ya dawo. A wasu motocin Honda da a-kori-kurar Ram kuwa, wata 'yar fitila ce mai rubutun ECO take kamawa tana mutuwa. Abin da ke faruwa a lokacin shi ne kwamfutar motar ta dakatar da wasu silindu daga aiki alhali motar tana gudu.

Wannan dabara ta jawo ruɗani iri-iri. Wasu sun ɗauka tunda rabin injin ya kwanta, shan mai ma zai ragu da rabi. Wasu suna ganin babu bambanci tsakaninta da motar da ke misin. Akwai kuma kanikawa da masu motoci da suka yanke mata hukunci cewa ita ce ke kashe inji, don haka da an sayi mota sai a nemi yadda za a tsinke ta. Kowace daga cikin maganganun nan tana da inda ta samo asali, amma babu wadda ta tsaya daidai a kan gaskiya.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Silinda ita ce kogon ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, inda ake ƙona cakuɗen iska da fetur. Abin da ake cewa a gareji "mota mai fulogi shida" ko "mai fulogi takwas", yawan silindun ake nufi, domin a yawancin injinan fetur kowace silinda fulogi ɗaya gare ta. Harafin V a V6 ko V8 yana nuna yadda aka jera silindun ne, sahu biyu da suka buɗe sama suka haɗe ƙasa.

Idan aka ce inji "lita 5.3" ne, ba man da yake sha ake nufi ba. Jimillar faɗin cikin silindunsa ke nan, wato yawan iskar da za su iya haɗiya idan kowace ta zuƙa sau ɗaya. Bawul shi ne marfin da ke buɗewa iska ta shiga, da wanda ke buɗewa hayaƙi ya fita. Kamshaf sanda ce mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke juyawa tana danna bawul, tafet kuma shi ne ɗan ƙarfen da ke tsakani yana isar da wannan dannawar.

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa dabarar. General Motors, mai Chevrolet da GMC da Cadillac, yana kiranta AFM, sabon samfurinta kuma DFM. A motocin Chrysler da Dodge da Ram da Jeep ana ce mata MDS. Honda na ce mata VCM. Duk tushe ɗaya ne.

Inda man yake salwanta

Ana ƙera babban inji ne saboda ranar wahala: jan tirela, ɗaukar kaya, hawan tudu. Injin V8 mai lita 5.3 na Silverado yana iya ba da ƙarfin doki 355. Amma tafiya da gudun kilomita 90 ko 100 a awa a kan miƙaƙƙiyar hanya, babu kaya a baya, ba ta buƙatar ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan ƙarfi. Yawancin rayuwar injin ke nan, yana aikin da bai kai ya kawo ba.

Matsalar ita ce injin fetur ba ya iya ƙaramin aiki cikin tattali. Ana rage masa ƙarfi ne ta hanyar shaƙe masa iska. A bakin hanyar iskar akwai wani faifai da totur ke juyawa; idan ƙafa a sake take, faifan ya kusa rufe hanyar. Silindu takwas suna ta ƙoƙarin zuƙar iska ta wannan 'yar kafa, kamar mai mura da ke jan numfashi da toshasshen hanci. Kowace zuƙa tana cin ƙarfi, ƙarfin kuma daga fetur ya fito. Injiniyoyi suna kiran wannan asarar famfo, domin injin ya zama famfon da ke fama da tosasshen bututu.

Idan aka kwantar da silindu huɗu, sauran huɗun dole su yi aikin takwas. Kowace tana buƙatar iska kusan ninki biyu, saboda haka kwamfuta ta ƙara buɗe faifan, hancin ya washe, zuƙar ta yi sauƙi. Ƙonewar da ke faruwa a cikin cikakkiyar silinda ta kuma fi inganci, kuma zafin da ke tsiyayewa ta bangon silindu ya ragu tunda huɗu ne kawai ake hura wa wuta.

A nan ne amsar ruɗani na farko take. Nauyin motar bai ragu ba, iskar da ke tokare ta ba ta ragu ba, tayoyi suna nan suna gogar kwalta. Aikin da za a yi yana nan yadda yake, sai dai an rage ɓarnar da ake yi wajen yin sa. Silindu huɗun da suka rage kusan ninki biyu na da suke sha. Su ma waɗanda aka kwantar, fistin ɗinsu bai tsaya ba, yana nan yana hawa da sauka yana gogar bango, domin duk a jikin sanda ɗaya suke.

Wannan dalili ne kuma ya sa dabarar ba ta samu kasuwa a ƙananan motocin dizal ba. Injin dizal da yawan man da ake fesa masa ake sarrafa ƙarfinsa, ba da shaƙe iska ba, don haka ba shi da irin waccan asarar da yawa tun asali.

Abin da ya raba ta da misin

Idan wayar fulogi ta cire ko nozul ya toshe, silindar ta daina ba da ƙarfi amma bawul ɗinta suna ci gaba da buɗewa da rufewa. Tana zuƙar iska tana tura ta salansa, wani lokaci har da ɗanyen fetur. Asarar famfo tana nan, na'urar da ke auna iskar hayaƙi ta rikice, matatar hayaƙin da ke cikin salansa tana iya lalacewa. Wannan ciwo ne.

Kwantar da silinda da gangan ya bambanta. Kwamfuta tana yanke mata fetur, sannan ta rufe bawul ɗinta duka, na shiga da na fita. Iskar da ta maƙale a ciki sai ta zama kamar sifirin: fistin ya matse ta yana hawa, ita kuma ta turo shi yana sauka, ta mayar da mafi yawan ƙarfin da aka kashe wajen matse ta.

Yadda ake rufe bawul ɗin shi ne wurin da ya cancanci a tsaya a duba da kyau, domin duk rigimar da ke biyo baya daga nan take. A injinan V8 na General Motors da HEMI na Chrysler, tafet ɗin silindun da ake kwantarwa na musamman ne. Gida biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, wasu ƙananan sakatu sun kulle su wuri guda. Muddin a kulle suke, kamshaf ya danna, bawul ya buɗe. Idan lokacin kwantarwa ya yi, kwamfuta ta buɗe wani makunnin lantarki, baƙin mai ya kwararo da ƙarfi ta wata siririyar hanya ya tura sakatun ciki. Gidan waje ya ci gaba da bin kamshaf yana hawa da sauka, na ciki ya tsaya cik, bawul ya zauna a rufe. Da an janye man, sakatun su koma mazauninsu. Chrysler ya ce wannan sauyi yana kammala cikin kusan kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa. A injinan biyu, silinda ta 1 da ta 4 da ta 6 da ta 7 ake kwantarwa, saboda a jerin tashin wuta su ne ke zuwa bayan an tsallake ɗaya, ta yadda bugun injin zai zauna daidai.

Abin lura shi ne baƙin mai a nan ya tashi daga mai sanyaya ƙarfe da hana gogayya kawai. Ya zama hannun da ke buɗe sakata da rufe ta.

Daga Cadillac zuwa yau

Tushen maganar yana komawa takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973, wanda ya jefa Amurkawa cikin dogayen layuka a gidajen mai. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ake kira CAFE, wadda ta wajabta wa kowane kamfani matsakaicin shan mai na duk motocin da ya sayar a shekara kada ya wuce wani mizani, in ya wuce a ci shi tara. Kamfanonin motocin Amurka sun shiga tsaka mai wuya, domin ribarsu a manyan motoci take, masu saye kuma V8 suke so.

A cikinsu, Cadillac ne ya fara gwada kwantar da silinda a kasuwa a 1981, da injin da ya kira V8-6-4, wanda aka ƙera tare da kamfanin Eaton. Tunanin daidai ne, kwamfutar zamanin ce ba ta da saurin da ake buƙata. Motar takan yi jinkiri ko ta yi fizga wajen sauyawa, masu ita suka yi ta ƙorafi, da yawa aka tsinke musu tsarin suka koma silinda takwas dindindin. Shekara ɗaya kawai aka yi aka janye injin daga yawancin motocin Cadillac. Mitsubishi ma ya gwada a ƙaramin inji a farkon shekarun 1980, Mercedes-Benz kuma ya sa a wasu manyan motocinsa wajen shekarar 2000.

Dawowar gaske ta zo a motocin ƙirar 2005. Chrysler ya sa MDS a HEMI mai lita 5.7 na motar 300C, General Motors ya sa nasa a injin lita 5.3, Honda kuma ya sa VCM a V6 mai lita 3.5 na Odyssey, inda silindu uku ke kwantawa. A Accord ƙirar 2008, Honda ya ƙara mataki, injin yana iya tafiya da shida ko huɗu ko uku. A Silverado ƙirar 2019 General Motors ya fito da DFM, wanda duk silindu takwas ɗin ana iya kwantar da kowace, cikin tsari 17 daban-daban, kwamfuta tana sake lissafi sau 80 a daƙiƙa. Ford ya daɗe bai bi sahu ba a F-150, sai a ƙirar 2021 ya sa wa V8 ɗinsa mai lita 5.0. Toyota kuwa bai taɓa sa wa V8 mai lita 5.7 na Tundra ba.

Lissafin riba

Tallan kamfanoni ya sha ambaton manyan alƙaluma, har da kashi 20 cikin 100 a yanayi mafi dacewa. Shekarar 2021 ta ba da ma'auni mafi tsafta ba tare da an shirya ba. Ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da ya addabi duniya ya tilasta wa General Motors fitar da wasu Silverado da Sierra masu lita 5.3 ba tare da tsarin ba, kuma kamfanin da bakinsa ya ce bambancin mil ɗaya ne a kowane galan.

A mayar da shi awon da aka saba. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, mil kuma kilomita 1.609. A ce mota tana yin mil 17 a galan, tana shan kusan lita 13.8 ke nan a kilomita 100. Idan ta koma mil 16, ta koma lita 14.7. Bambancin bai cika lita ɗaya ba a kilomita 100, wato kimanin kashi 6 cikin 100. Wanda ke yin kilomita 20,000 a shekara zai tsira da lita 170 ko kusa da haka. Ba rabi ba ne, ba ma kusa da rabi ba, amma ba abin rainawa ba ne. Ga kamfanin da ke sayar da dubban ɗaruruwan irin waɗannan motoci a shekara, mil ɗaya a lissafin CAFE babban abu ne a lokacin.

Akwai wata dabara a lissafin da ke ɓoye wa mutane darajar wannan mil ɗaya. Ƙaramar motar da ta tashi daga mil 35 zuwa 36 a galan, abin da ta rage bai kai kashi ɗaya cikin biyar na lita ba a kilomita 100. Babbar da ta tashi daga 15 zuwa 16 ta rage kusan lita guda. Gyara kaɗan a mota mai haɗama ya fi gyara kaɗan a mota mai tsimi.

Sai dai ribar tana da sharaɗi. Tsarin yana kamawa ne idan injin ya yi ɗumi, gudu ya daidaita, ƙafa a sake. A AFM da MDS ba ya kamawa idan mota tana tsaye tana silo. Ba ya zama idan ana jan tirela, ko an cika baya da buhuna, ko ana hawan tudu. Gudu mai yawa ma yana kore shi, domin tokarewar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, kuma a-kori-kura mai faɗin gaba kamar bango take a gaban iska. Wanda ya ɗaga motarsa ya sa mata manyan tayoyi zai ga V4 ya zama baƙo a dashbod ɗinsa. Shi ya sa mutum biyu masu mota iri ɗaya za su ba da shaida mabambanciya, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Shin tana kashe inji?

Masu suka suna da hujjoji na zahiri. Tafet mai sakata ya fi na gargajiya sassa, abin da ya fi sassa kuma ya fi wuraren lalacewa. Idan sakatar ta maƙale, bawul ya ƙi buɗewa, injin ya fara ƙwanƙwasa da misin. In aka ci gaba da tuƙi, kamshaf ya cinye. Gyaran yana buƙatar a ɗaga kan injin, kuma kuɗinsa yana iya haɗiye duk ribar man da aka tara cikin shekaru. Akwai kuma shan baƙin mai. Silindar da ba a ƙona komai a cikinta ba ta da matsin da ke manna ringi da bango sosai, mai yana iya silalowa sama ya dasƙare a ringi ya ɓata fulogi. A 2013 Honda ya amince da sasanta wata ƙarar taron dangi a Amurka kan misin da ɓacin fulogi a motocinsa masu V6 da VCM, ciki har da Accord da Odyssey da Pilot, ya kuma tsawaita garantin gyaran. A 2022 masu taya alƙali hukunci a wata kotun tarayya a Kalifoniya sun yanke wa General Motors biyan sama da dala miliyan 100 kan shan baƙin mai a wasu injinan lita 5.3, kodayake ginshiƙin wannan ƙarar ringin fistin ne.

Masu kare tsarin su ma ba hannu rabbana suka zo ba. Miliyoyin motoci suna ɗauke da shi, da yawa sun yi tafiya mai nisan gaske ba a taɓa buɗe injinsu ba, kuma wanda motarsa ke lafiya ba ya zuwa ko'ina ya yi shela. Suna kuma nuni da HEMI: motocin da ke da giyar hannu ba a sa musu MDS ba, amma su ma ana samun lalacewar tafet da kamshaf a cikinsu, abin da ke nuna cewa ingancin ƙarfen, da doguwar tsayuwa ana silo, da jinkirin canza mai duk suna da hannu.

Idan aka auna maganganun biyu, abin da ya fi kusa da daidai shi ne tsarin ya ƙara wa injin wani wurin rauni, kuma ya rage masa haƙuri da sakaci. Tsohon V8 yakan jure dattin mai ya ci gaba da tafiya. Wannan ba ya jurewa.

Daga nan ne kasuwar tsinke tsarin ta taso. Akwai 'yar na'urar da ake soka wa a ramin gwajin kwamfuta da ke ƙarƙashin sitiyari, ta hana injin komawa V4. A Honda, wata ake haɗawa da ma'aunin zafin ruwa ta rage abin da yake faɗa wa kwamfuta, kwamfutar ta ɗauka injin bai gama ɗumi ba. Duk biyun ba su cire tafet ko sassan tsarin daga cikin injin ba, suna nan kuma suna iya lalacewa. Cirewa ta gaskiya a V8 tana nufin canza tafet da kamshaf da sake tsara kwamfuta, aiki mai tsada da ke iya soke garanti.

Inda kamfanonin suka dosa

Kwantar da silinda ba ita kaɗai ce hanya ba. Tun ƙirar 2011 Ford ya sa wa F-150 ƙaramin V6 mai turbo, wato inji ƙarami da ake cusa wa iska idan ana son ƙarfi. Wannan juyin dabarar farko ne: maimakon babba ya ƙanƙance, ƙarami ne ke kumbura. Toyota ya bi wannan hanya, ya ajiye V8 a Land Cruiser 300 da ya fito a 2021 da Tundra ƙirar 2022. Ram ya cire HEMI daga a-kori-kurarsa ta 1500 a ƙirar 2025, masu saye suka nuna rashin jin daɗi, ya dawo da shi a ƙirar 2026. A 2025 ɗin kuma majalisar Amurka ta soke tarar da ke bayan dokar CAFE, abin da ya sassauta matsin da ya haifi dabarar tun farko. Da wuya dai kamfanonin su cire ta, tunda an riga an gina injinan a kanta, har ta sauka zuwa ƙananan motoci irin na Volkswagen masu silinda huɗu da na Ford masu uku.

Idan motar ta iso nan

Maganar ta shafi ƙasar Hausa ta hanyar motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka ta Legas da Kwatano. Honda Pilot da Odyssey da Accord mai V6, da Tahoe da Escalade, da yawansu da tsarin suke zuwa, sau da yawa bayan sun yi shekaru a kan hanya. Tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, duk lita ɗaya abin lissafi ce, dillali kuma zai iya cewa motar "tana komawa fulogi huɗu" don ya kwantar wa mai saye hankali. A hanyar Kano zuwa Zariya, da matsakaicin gudu, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. A cunkoson cikin gari, tsaya-tafi da na'urar sanyaya mota a kunne, kusan babu abin da za a gani.

Al'adu biyu na garejinmu suna karo da tsarin kai tsaye. Na farko, zuba mai mai kauri irin 20W-50 da hujjar ƙasarmu da zafi. An ƙera waɗannan injina don mai mai ruwa-ruwa, 5W-20 ko 5W-30 ko 0W-20 gwargwadon ƙira, kuma adadin yakan kasance a rubuce a kan marfin da ake zuba man. Mai kauri ba ya ratsa siraran hanyoyin da sauri, sakatu su yi nawa, fitilar gargaɗi ta kama. Jabun mai da filta maras kyau sun fi haka illa, ga ƙurar hunturu da ke sa mai saurin datti. Na biyu, cire tamostat, ɗan marfin da ke tsare ruwa har injin ya yi ɗumi, wanda kanikawa da yawa ke jefarwa da zarar mota ta shigo. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana ƙara shan fetur, kuma kwamfutarsa tana iya ƙin kwantar da silinda ko ɗaya, musamman da sanyin safiya a kan doguwar hanya, daidai inda ya kamata a ci ribar.

Mai niyyar sayen irin wannan mota zai iya gane abubuwa da dama kafin ya biya. A tayar da injin da sanyinsa a saurara ko akwai ƙwanƙwasa daga sama. A kwance fulogan silindun da ake kwantarwa a gwada su da sauran, a ga ko sun fi baƙi da maiƙo. A Honda a duba kujerun injin, domin na musamman ne masu aiki da lantarki don shanye girgizar silinda uku, sun fi na gama-gari tsada, kuma idan sun mutu motar takan yi rawa daidai lokacin da fitilar ECO ta kama. Sannan a leƙa ƙarƙashin sitiyari da wajen ma'aunin zafin ruwa, ko mai ita na farko a Amurka ya riga ya soka mata abin da ya tsinke tsarin tun kafin a sa ta a jirgi.